Likita ya bar asibiti ya koma binciken ƙwaƙwalwa da rubuta littattafai: asara ce ko riba?

Kawun Mile 12:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman wajen ma'aikatan lafiyar da ke cikin wannan zaure. Ɗan ƙanwata yana aji biyar a makarantar likitanci ta Idi-Araba da ke Legas. A hannuna yake tun rasuwar mahaifinsa, kuma da cinikin albasa nake ɗaukar nauyin karatun. Yanzu ya zo mini da wata magana, wai in ya gama ba zaman asibiti yake so ba, binciken ƙwaƙwalwa zai shiga, ya riƙa rubuta littattafai don mutanen gari kamar wani Ba'indiye da ba ya gajiya da ambatonsa. Ban hana shi ba, amma raina bai kwanta ba. A garinmu mace sai ta yi naƙuda a bayan a-kori-kura kafin a kai ga likita. Yaron yana cikin zauren nan, na ce masa zan kawo maganar gaban manya, ya amince.

Maman Walida Agege:
Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya biya ka riƙon maraya. Amma kafin a yanke hukunci a fara gaya mana ko wane ne Ba'indiyen. Ɗana, fito ka yi bayani.

Ɗalibin Idi-Araba:
Na gode Mama. Kawu, Allah ya ƙara girma. Sunansa Vilayanur Ramachandran, an haife shi a 1951 a jihar Tamil Nadu da ke kudancin Indiya. Likitanci ya fara karantawa a kwalejin Stanley da ke Madras, garin da yanzu ake kira Cennai. Daga nan ya tafi Kambirij a Ingila ya yi digirin dakta kan yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa abin da ido ya gani. Tun 1983 yake jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego. Shekarunsa na farko duk a kan gani ya yi su, sai a farkon shekarun 1990 ya juya kan mutanen da aka yanke wa hannu ko ƙafa amma suna ci gaba da jin gaɓar tana nan, har tana yi musu ciwo. Wannan aikin ne ya fito da sunansa. A 1998 ya fitar da littafin Phantoms in the Brain tare da 'yar jarida Sandra Blakeslee, a 2003 kuma BBC ta ba shi laccocin Reith na shekarar, waɗanda ake watsawa a rediyo don kowa da kowa.

Kawun Mile 12:
To ka ji. Ƙasarsa ta koyar da shi likitanci, ya kwashe ilmin ya kai Amurka. Abin da nake gudu ke nan.

Ɗalibin Idi-Araba:
Kawu, a yi mini uzuri in faɗi abin da ya gano, sai a auna. Tun kafin shi, wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Kanada mai suna Wilder Penfield ya nuna cewa jikin mutum gaba ɗaya yana da taswira a saman ƙwaƙwalwa, kowace gaɓa da gurbinta. Abin mamakin shi ne jerin ba irin na jiki ba ne: gurbin hannu yana maƙwabtaka da gurbin fuska. A 1991 wani mai bincike, Tim Pons, ya ba da rahoton birai da aka yanke wa jijiyoyin hannu shekaru da dama, sai aka ga gurbin hannun a ƙwaƙwalwarsu ya koma amsawa idan an taɓa fuska. Ramachandran ya karanta wannan ya ce to mutane fa? Ya samo wani saurayi da ya rasa hannun hagu a hatsarin mota, ya rufe masa ido, ya ɗauki tsinken auduga yana shafa masa fuska. Da ya taɓa kumatu, yaron ya ce yana jin an taɓa babban yatsansa na hannun da babu. Da ya taɓa leɓen sama, ya ce manuniya. Da aka ɗiga masa ruwa a fuska, ya ji ruwan yana gangarowa a hannun. Babu wata na'ura mai tsada a wannan gwajin na farko, auduga ce da tambaya da haƙurin sauraron amsa. A lokacin yawancin masana suna ganin taswirar ƙwaƙwalwar baligi ta riga ta daskare.

Tsohon Ɗan Acaba Alaba Rago:
Subhanallahi. Ku tsaya. Malam likita, ka ce mutum yana jin ƙafar da aka yanke? Ƙanena tirela ta buge shi a kan babur kafin a hana acaba. Muka kai shi wajen mai ɗori, ƙafar ta yi baƙi ta fara wari, da muka je asibiti suka ce sai yankewa, ƙasan gwiwa. Tun daga nan ba ya barci. Ya ce yatsun ƙafar sun danƙare kamar an matse su da filaya, wani lokaci tafin ƙafar na yi masa ƙaiƙayi ya kai hannu ya sosa katifa. Mutanen gida suka ce ƙafar ce ba a binne da kyau ba, wasu suka ce iska ce. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi. Yanzu ya daina faɗa wa kowa don matarsa ta fara jin tsoronsa. Wallahi ni kaina na ɗauka kansa ne ya taɓu.

Sista Obalende:
Innalillahi. Yayana, kansa lafiya lau. Mafi yawan waɗanda aka yanke wa gaɓa suna jin haka, kuma da yawansu da ciwo. Muna ganinsu kullum, na hatsari da na ciwon suga. Ba sabon abu ba ne ma, wani likitan Amurka, Silas Weir Mitchell, ya yi rubutu a kai a 1871 bayan yaƙin basasarsu ya bar dubban sojoji da dungu. Laifin namu ne mu ma'aikata da ba ma zama mu gaya wa mutum tun kafin tiyata cewa zai iya jin haka.

Malamin Islamiyya Agege:
Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ce. Ina so in gyara wani abu don kada a fahimci addini a karkace. Ruƙiyya addu'a ce, kuma addu'a ba ta hana neman magani. Hadisi ya tabbata a Bukhari cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. Abin da ba daidai ba shi ne a ɗora wa aljani duk abin da ba mu gane ba, har a sa bawan Allah ya ɓoye ciwonsa don kunya. Ka je ka gaya wa matarsa abin da Sista ta faɗa, yau ɗin nan.

Tsohon Ɗan Acaba Alaba Rago:
Allah ya gafarta Malam, zan je. To akwai magani?

Ɗalibin Idi-Araba:
Yaya, nan ne aikin mutumin ya fi shahara. Ya lura cewa da yawa daga masu jin gaɓar ta danƙare, dama kafin a yanke ta ta daɗe a shanye ko a cikin ciwo. Tunaninsa shi ne ƙwaƙwalwa ta yi ta aika umarni a motsa, ido yana dawo mata da labarin cewa ba a motsa ba, har ta haddace cewa gaɓar ba ta motsi, kuma haddar ta zauna bayan an yanke. Sai ya ce bari a ba idon wani labari dabam. Ya kafa madubi a tsaye a cikin akwati, mutum ya sa lafiyayyen hannu a gefen da madubin ke kallo, dungun a bayan madubin. In ya leƙa sai ya ga hannu biyu. In ya buɗe lafiyayyen, sai ya ga wanda aka yanke ya buɗe. Ɗaya daga cikin mutanen farko da ya gwada wa ma daga babur ya faɗo, ya yi wajen shekara goma da ciwon, kuma ranar farko ya ji hannun ya motsa. An buga sakamakon a 1995 da 1996, tare da matarsa Diane Rogers-Ramachandran wadda ita ma mai bincike ce. Kawu, wannan ne ya sa nake son hanyarsa. Madubi ko a kasuwar Mushin an samu.

Mai Gashin Ƙashi Ikeja:
Ni aikina ke nan, bari in sa baki. Muna amfani da madubi, har ga masu shanyewar ɓarin jiki da hannu ya ƙi motsi. Na ƙafa ba ya bukatar akwati. Ya zauna a kan gado ko tabarma ya miƙe ƙafafu, a tsayar da dogon madubi tsakaninsu yana kallon lafiyayyar, dungun ya ɓuya a baya. Ya cire takalmi da duk abin da zai bambanta ƙafar. Ya zuba wa madubin ido, ba ƙafar ba, yana motsa yatsu da idon sawu a hankali, yana ƙoƙarin yin irin motsin da wadda aka yanke. Kamar minti 15 a rana, a yi makonni ana yi. Wasu jiri ke ɗibarsu, wasu kuka suke fashewa da shi don sun ga ƙafarsu ta dawo, in haka ta faru a dakata.

Amma Yaya, kada ku fara sai likita ya duba dungun. Ciwon dungu dabam, ciwon gaɓar da babu dabam. Wani lokaci bakin jijiyar da aka yanke ne ke dunƙulewa ya yi ƙullutu, ko ƙashi ya yi tsini, ko ƙwayar cuta ta shiga, kuma madubi ba ya maganin ko ɗaya cikinsu. Ku koma inda aka yi aikin ko ku je asibitin ƙashi na Igbobi. Sannan don Allah kada a saya masa tiramol a kemis. Akwai magungunan ciwon jijiya da likita ke rubutawa, aikinsu ba irin na maganin ciwon jiki ba ne.

Dakta Surulere:
Na karanta duka. Ƙanena na Idi-Araba, ka iya bayani, wannan baiwa ce. Amma ka ba da labarin yadda littafin ya ba da shi, kuma nan ne matsalata da marubutan irin wannan take. A littafi mutum ɗaya ya warke, mai karatu ya rufe shafi yana murna. Waɗanda suka gwada madubin ba su ji komai ba, ba su da babi.

Ga abin da aka sani. A 2007 an yi gwaji a asibitin sojoji na Walter Reed a Amurka, aka buga a mujallar New England. Mutum 22 aka fara da su, 18 suka kammala, kashi uku, shida shida. Masu madubin duka shida sun ce ciwo ya ragu bayan mako huɗu. Sakamako ne mai kyau, amma mutum shida ne. Gwaje-gwajen da suka biyo baya wasu sun nuna amfani wasu ba su nuna ba, kuma yawancinsu ƙanana ne. Ban ce a daina ba, ba shi da tsada, ba shi da wata babbar illa. Na ce kada ɗan uwanmu na Alaba Rago ya je ya yi wa ƙanensa alkawarin warkewa.

Shi kansa bayanin taswirar ana jayayya a kai. A 2013 Tamar Makin da abokan aikinta a Oksfod suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu dungu, suka ga gurbin hannun bai ɓace ba, yana nan yana aiki, kuma waɗanda ciwonsu ya fi tsanani su ne gurbin nasu ya fi zama daram. Wannan ya saɓa wa labarin cewa fuska ta mamaye filin hannu shi ya kawo ciwo.

Ɗalibin Idi-Araba:
Ranka ya daɗe, ai haka ilmi yake tafiya. Da bai fito da tambayar ba, da wa zai je ya gwada har ya saɓa masa? Kuma shi da kansa yakan ce wasu maganganunsa hasashe ne.

Dakta Surulere:
Yakan ce, gaskiya ne. Amma mai sauraron rediyo ba ya riƙe kalmar "wataƙila", ƙarshen zancen yake riƙewa. Ɗauki maganar ƙwayoyin ƙwaƙwalwar nan da ake kira na madubi, waɗanda ba su da alaƙa da akwatin madubin sai suna. Giacomo Rizzolatti da mutanensa a Parma ta Italiya ne suka gano su a birai a farkon shekarun 1990: ƙwayar da ke harbawa in biri ya ɗauki abu, tana kuma harbawa in ya ga wani ya ɗauka. Ganowa ce ta gaske. Sai Ramachandran ya fito a 2000 ya ce waɗannan ƙwayoyin za su yi wa ilmin halayyar ɗan Adam abin da DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta, ya yi wa ilmin halittu. Ya jingina musu harshe, tausayi, al'ada. A 2006 shi da Lindsay Oberman suka rubuta a mujallar Scientific American cewa lalacewarsu na iya zama tushen galahanga irin ta otizim. Binciken da ya biyo baya bai tsaya wa wannan ba, har Gregory Hickok ya rubuta littafi guda a 2014 yana warware yawancin abin da aka ɗora musu. To iyayen da suka karanta na farkon, su nawa ne suka karanta na biyun? Mai bincike in ya yi kuskure a mujalla, abokan aikinsa ɗari ne za su gani su gyara. In ya yi a littafin da aka fassara zuwa harsuna, gyaran ba ya kamo shi.

Maman Walida Agege:
Dakta, na ji ka kuma na yarda da rabin maganarka. Amma dubi abin da ya faru a zauren nan yanzu. Bawan Allah yana kwance a Alaba Rago ana yi masa kallon mai iska, matarsa na gudunsa. Likitoci nawa suka wuce ta kansa tun daga ranar tiyata? Ba wanda ya gaya masa. Sai yaron da ya karanta littafin da kake suka ne ya faɗa, wansa ya ji. Ko madubin bai yi aiki ba, yau gidan nan za a kwana da sanin cewa ba hauka ba ne.

Dakta Surulere:
Hajiya, ban musa ba. Sai dai ki sani likitan da ya yi tiyatar wataƙila mutum sittin ke jiransa a waje. Ba mugunta ba ce. Kuma in kowane yaro mai kaifin kai ya bar layin nan ya tafi rubutu, layin ƙaruwa zai yi. Alhaji yana da hujja.

Malamar Kimiyya Yaba:
Ni abin da ke damuna dabam ne. Me ya sa sai Ba'indiyen Kalifoniya? Ɗana, ka san Benjamin Osuntokun? A asibitin koyarwa na Ibadan ya yi aikinsa, ya rasu a 1995. Akwai wata cuta da ta addabi ƙauyukan yankin Ijabu, nan kusa da mu: mutum ya riƙa tangaɗi in yana tafiya, ƙafafu su mutu, gani ya ragu, ji ya ragu. Shi ya bi ta ƙauye ƙauye, yana auna jini yana tambayar abin da ake ci, har ya danganta ta da gubar sayanaid da ke cikin rogon da ba a jiƙa aka sarrafa da kyau ba, ga mutanen da kusan rogon ne kaɗai abincinsu. Daga baya yana cikin waɗanda suka kafa binciken da ya kwatanta cutar mantuwa tsakanin tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen fata a Indiyanafolis ta Amurka. Bai bar duba marasa lafiya ba, bai bar ƙasar ba, kuma duniya ta san shi.

Ga Adeoye Lambo a Aro ta Abekuta, wanda tun 1954 ya sa masu taɓin hankali suna zama a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu suna zuwa asibiti da rana, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Ya kai har mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Ga Latunde Odeku da ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a Ibadan a 1962, yana kuma rubuta waƙoƙi. Ɗalibaina ba su san ko ɗaya ba, saboda ba wanda ya zauna ya rubuta labarinsu yadda yaro zai karanta ya ji daɗi. Ramachandran ya fi su mai ba da labari ne, ban yarda ya fi su aiki ba.

Ɗalibin Idi-Araba:
Anti, Osuntokun muna jin sunansa a aji, amma sunan kawai da shekarar takarda. Yadda kika faɗe shi yanzu ban taɓa ji ba. Kuma ai hujjata ce kika ƙarfafa.

Malamar Kimiyya Yaba:
Rabinta. Na ƙarfafa rubutu, ban ƙarfafa barin asibiti ba. Ko a Arewa akwai misali a raye: Mahmoud Bukar Maina, ɗan Yobe, mai binciken cutar mantuwa a jami'ar Sussex ta Ingila, ya dawo da kayan aiki ya kafa cibiyar binciken BioRTC a jami'ar jihar Yobe da ke Damaturu, kuma ya daɗe yana aikin kai kimiyya ga jama'a. Shi ba ta asibiti ya bi ba. Kai kana da abin da masu ɗakin gwaji ke nema ruwa a jallo, wato marasa lafiya a gabanka.

Kawun Mile 12:
To ni tambayata ta ɗan kasuwa ce. Wa zai ciyar da shi? Uwarsa da ƙannensa huɗu shi suke kallo. Littafin Hausa kan ƙwaƙwalwa mutum nawa za su saya?

Dakta Surulere:
Alhaji, gaskiya ba za su ciyar da shi ba. Bari in shimfiɗa hanyar yadda take don ku gani tare. Bayan ya kammala shekara shida ta karatun zai yi shekara ɗaya ta horon asibiti, sannan bautar ƙasa. In yana son ƙwaƙwalwa, zai ci jarrabawar farko ta kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin ko ta Afirka ta Yamma, ya nemi gurbin horon ƙwarewa. A nan ana biyan albashi. Zai fara da cututtukan ciki na manya gaba ɗaya, sannan ya ware zuwa jijiya da ƙwaƙwalwa, kuma ba ya gamawa sai ya yi bincike ya rubuta kundi ya kare shi. Wato binciken yana cikin hanyar, ba sai ya sauka daga kanta ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan sun yi ƙaranci ƙwarai, Arewa ta fi ko'ina jin jiki. In ya bi nan, uwarsa ta ci, garinku ya samu, kuma ya tara abin rubutawa. Oliver Sacks, likitan ƙwaƙwalwar da ya rubuta gabatarwar littafin Ramachandran ɗin, an haife shi a Landan a 1933, kuma littafinsa Awakenings sai 1973 ya fito, yana da shekara 40, bayan ya yi shekaru yana jinyar mutanen da ya rubuta a kansu a wani asibiti a Niyok. Bai daina ganin marasa lafiya ba kusan har ƙarshen rayuwarsa a 2015.

Ɗalibin Idi-Araba:
Ranka ya daɗe, tsorona shi ne wanda nake gani a manyanmu. Suna shiga horon da niyyar bincike, kiran dare da layin asibiti su cinye su, bayan shekara goma ba mai ƙarfin buɗe littafi. Ramachandran ya samu sarari ne don ya zaɓi ɗakin bincike tun da wuri.

Dakta Surulere:
Wannan tsoron gaskiya ne, ba zan rufe ka ba. Amma shi ya zaɓa ne a inda jami'a ke da kuɗin bincike da wuta da ba ta ɗaukewa, kuma likitocin asibiti suna turo masa marasa lafiya. Kai in ka bar asibiti a nan, wa zai turo maka?

Sista Obalende:
Ni dai ƙanena, kada ka jira shekara 40. Abin da ke kashe mana mutane ba ya bukatar sabon bincike. Yaro na farfaɗiya a tura masa cokali a baki har haƙori ya karye, ko a ɗura masa ruwa ya shaƙe, ko a kara ƙafarsa a wuta wai ya farfaɗo. Mutane su watse don sun yarda miyansa na yaɗa cutar, alhali ba ta yaɗuwa. Abin yi kawai a kawar da abin da zai ji masa rauni, a kwantar da shi ta gefe, kada a sa komai a baki, in ta wuce minti 5 a nufi asibiti. Haka shanyewar ɓarin jiki: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, sai a ce aljani ya mare shi a kwana uku ana shafa mai, alhali awannin farko su ne komai, kuma hawan jini ne kan gaba wajen kawo ta. Ka ɗauki murya ta minti uku da Hausa a kan kowanne, mu tura zaurukan 'yan kasuwa da na direbobi. Mutanenmu na Mile 12 da Alaba Rago sauraro suke yi, ba karatu ba.

Malamin Islamiyya Agege:
In an yi, a turo mini. Zan sa wa iyayen yara ranar taro, in kuma ba limamai.

Kawun Mile 12:
Wannan kam ban da ja. Na horon ƙwarewar ma na ji, sai mun zauna da uwarsa.

Ɗalibin Idi-Araba:
Zan yi insha Allahu. Ina ganin in fara da ciwon gaɓar da aka yanke. Yaya na Alaba Rago, in ƙanenka ya yarda zan so in ba da labarinsa yadda ka faɗa, don labari ya fi shiga kunne fiye da bayani.

Dakta Surulere:
Dakata. Sacks tun yana raye an soke shi cewa yana baje kolin marasa lafiyarsa don masu karatu, kuma shi a birni mai miliyoyin mutane yake sauya suna ya wuce. Mu nan Hausawan Legas kusan kowa ya san kowa. Ka ce ɗan acaba, tirela, ƙasan gwiwa, Alaba Rago, ka gama faɗin sunansa, har da abin da ke tsakaninsa da matarsa. Yardar wansa ba yardarsa ba ce. Sannan kai ɗalibi ne, duk muryar da za ka fitar sai wani mai lasisi ya saurara tukuna. Turo mini, zan saurara, kuma duk inda ka ce "yana warkarwa" zan mayar maka ka ce "yana taimaka wa wasu".

Tsohon Ɗan Acaba Alaba Rago:
Dakta ya yi gaskiya, ni ma da na san zancen zai yi nisa da ban kawo maganar matarsa ba. Don Allah kada wanda ya fitar da ita daga zauren nan. Zan tambaye shi da kansa, in ya ce a'a shi ke nan. Mai Gashin Ƙashi, katin asibitin da aka yi aikin ya ɓace lokacin da muka tashi daga tsohon gida. Za su karɓe mu babu shi?

Mai Gashin Ƙashi Ikeja:
Za su karɓa. Ku je sashen ajiye fayil da cikakken sunansa da watan da aka kwantar da shi, za su nemo lambar, in ba a samu ba a buɗe sabo. Ku tafi da duk magungunan da yake sha a cikin kwalayensu, har da na gargajiya, kuma ku fita da asuba don layin katin yana cika kafin ƙarfe takwas.